Farfaɗo da Tsohon Babur a Garejin Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya jawo tsohon babur daga inda ya daɗe a jingine, ko ya karɓe shi daga hannun wanda ya gaji da ajiyarsa, tambayoyinsa kusan iri ɗaya ne da na waɗanda suka riga shi. Ga su nan an tattara, tun daga zaɓen babur har zuwa ranar hawa. Wasu amsoshin sun jingina da juna, saboda haka inda aka ce ka duba wata amsa, ka daure ka duba.

Wane babur ake kira tsoho, kuma me ake nufi da farfaɗo da shi?

Ƙungiyar FIVA, wadda ta haɗa masu kula da tsofaffin ababen hawa na ƙasashen duniya, tana ɗaukar abin hawa a matsayin na tarihi idan ya kai shekara 30 da ƙerawa. Kowace ƙasa kuma da nata ma'aunin wajen rajista. A gareji dai ba shekaru ake ƙirgawa ba. Babur ne da aka daina ƙera irinsa, ya daɗe bai motsa ba, robobinsa sun bushe, fetur ya daskare a cikinsa.

Farfaɗowa iri uku ce. Akwai mai son ya mayar da shi tamkar ranar da ya fito daga masana'anta, har launin fenti da irin noti. Akwai mai gyara inji da birki da wuta kawai, ya bar jikin da tsufansa. Akwai kuma mai sauya masa fasali yadda ransa yake so. Ka zaɓi ɗaya tun kafin ka ɗauki sifana, domin kowace tambaya da za ta biyo baya amsarta ta danganta da wannan zaɓin. Ga mai farawa, ni ta biyun nake ba da shawara.

Ban taɓa buɗe inji ba. Zan iya?

Za ka iya, idan kana da haƙuri kuma ba ka ƙyashin karatu. Tsohon babur galibi ba shi da kwamfuta, komai nasa a fili yake: fetur, iska, wuta, matsi. Abin da ya fi kayar da masu farawa ba ƙarancin basira ba ne, gaggawa ce. Akwai ayyukan da ba na gida ba, kamar faɗaɗa silinda, gyaran karanshaf, waldar firam da shafa kurom, kuma ba abin kunya ba ne ka kai su wurin masu injinan da aka yi domin su. Sauran kusan duka hannunka zai iya, matuƙar littafin gyara na wannan samfurin yana buɗe a gabanka.

Wane babur ya fi dacewa da mai farawa?

Wanda aka ƙera da yawa, mai silinda ɗaya, mai kafireta ɗaya. Dalili kuwa kayan gyara ne. Honda Super Cub, wanda ya fito a 1958, ya haura miliyan 100 da aka ƙera zuwa 2017, don haka da wuya ka nemi wani abu nasa ka rasa. Honda CG125 na 1975 an tsara shi ne musamman domin ya jure rashin kulawa, kuma injinsa na daga cikin mafi sauƙin fahimta. BSA Bantam, wanda aka fara a 1948 bisa tsarin DKW RT125 na Jamus, shi ma ƙarami ne mai sauƙi.

Na san ran mutum yakan biya wa manya. Honda CB750 na 1969 da Kawasaki Z1 na 1972 babura ne da suka canja tarihin sana'ar, amma silinda huɗu na nufin kafireta huɗu da sai an daidaita su da juna, bawul takwas, da salansar da samun ta asali ke da wuya. Triumph Bonneville, wanda ya fito a 1959, yana da masoya da kayan gyara, sai dai yana buƙatar sifanu na daban, kamar yadda za ka gani a amsar kayan aiki. Ka bar waɗannan su zama aikinka na biyu. Babur da ba a ƙera da yawa ba kuwa, komai kyansa, yana iya shekara a gareji yana jiran ƙarfe ɗaya tak.

Me zan duba kafin in saya?

Takardu tukuna. Ka karanta lambar da aka buga a jikin firam, galibi a wuyan babur inda kai yake juyawa, da lambar inji, ka gwada su da abin da ke rubuce. Idan ka ga alamar an goge lamba ko an sake bugawa, ka haƙura da shi. Babur da ba za ka iya yi wa rajista ba, duk wahalar da ka sha a kansa ado ne kawai na gareji.

Sai firam. Ka tsuguna a baya ka hango ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Ka duba wuyan ko fenti ya tattare ko ya tsage, wannan alamar an taɓa yin karo ce. Ka duba ƙasan firam inda ruwa ke kwanciya. Bayan nan ka taka kik a hankali ka ji ko inji yana juyawa kuma yana turjiya. Ka buɗe tanki ka haska ciki.

Abin da mutane suka fi rainawa shi ne cikar kaya. Babur mai datti wanda komai nasa yana nan ya fi mai sheƙi wanda ba shi da murafun gefe, akwatin iska, agogon gudu ko madugadi na asali. Kayan cikin inji ana samun sababbi, amma waɗannan ƙananan abubuwan jiki su ne ke wahalar nema. Wanda aka riga aka wargaza aka zuba a kwalaye kuwa, ka ɗauka cewa wani abu ya ɓace, ko da mai shi ya rantse maka da gaskiyarsa, domin shi kansa bai sani ba.

Waɗanne kayan aiki nake buƙata?

Sifanu da soket masu kyau, filaya, gudumar roba, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, siraran ƙarafan auna tazara, mitar gwajin wuta, da ma'aunin matsin silinda. Kada ka sayi komai a rana ɗaya, aikin ne zai riƙa gaya maka abin da ya rage.

Abu biyu ne ya kamata ka sani tun farko. Sukurorin baburan Japan masu baki huɗu an yi su ne bisa ma'aunin JIS na masana'antun Japan, ba na Phillips da aka saba da shi ba. A ido kamar ɗaya suke, amma sukudirebar Phillips ba ta zama daram a cikinsu, tana zamewa ta cinye kan sukurun. Yawancin cinyayyun sukurorin da za ka tarar a murfin inji, wannan ne ya cinye su. Ka nemi sukudirebar JIS, ka haɗa da irin wadda ake buga wa guduma ta juya da kanta. Na biyu, baburan Ingila har zuwa ƙarshen shekarun 1960 suna amfani da ma'aunin Whitworth da danginsa, wanda sifanar milimita ba ta kama shi daidai, ta inci irin ta Amurka ma haka. Sifanar da ta kusa daidai ita ce ke mulmule kan noti.

Wane haɗari ne a yin wannan aiki a gida?

Hayaƙin inji na ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, tana kuma kisa a rufaffen ɗaki cikin ɗan lokaci. Kada ka tayar da inji sai ƙofa na buɗe, ya fi kyau ma a waje. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya iske wuta a nesa, saboda haka ba a wanke kaya da fetur, kuma a ajiye abin kashe gobara kusa da ƙofa, ba can ƙurya ba.

Tsofaffin takalman birki da wasu gasket na ɗauke da asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu bayan shekaru. Kada ka hure ƙurar birki da baki ko da iska, ka jiƙa ta ka goge. Babur kuma a ɗaure shi da kyau kafin a cire wili, domin da zarar nauyin gefe ɗaya ya tafi sai ya kife.

Na kawo shi gida. In zuba fetur in gwada tayar da shi?

Dakata. Injin da ya yi shekaru a tsaye, man da ke saman sassansa duk ya tsiyaye, kuma wanda ke ƙasa ya gauraye da ruwa da dauɗa. Ka juye tsohon baƙin mai, ka duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe a ciki, ka zuba sabo. Ka cire fulogi, ka ɗiga ɗan mai a ramin, ka juya injin da kik sau da yawa ba tare da fulogin ba. Ka buɗe akwatin iska, domin soson ciki yakan ruɓe ya zama gari, ɓeraye ma sukan yi sheƙa a wurin, kuma inji zai zuƙe duk abin da ya tarar.

Sai ka wanke kafireta, ka tabbatar akwai wuta a fulogi, sannan ka ba shi fetur daga wata 'yar gora mai tsabta, ba daga tankinsa ba. Amsoshin kafireta, tanki da wuta suna ƙasa.

To me ya sa ba zan wargaza shi gaba ɗaya tun farko ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi so mai farawa ya tsaya a kanta. Babur da yake a haɗe yana iya gaya maka ciwonsa. Idan ya tashi, za ka ji ko akwai ƙwanƙwasa a ƙasan inji, ka ga launin hayaƙi, ka san ko giya tana shiga, ko kuloci yana kamawa, ko batir yana caji. Da zarar ka zuba shi a kwalaye, duk wannan bayani ya tafi. Sai ka gama fenti da goge-goge, ka haɗa, sannan ka gano giya ta biyu tana fita da kanta, dole ka sake sauke injin daga firam ɗin da ka fente.

Akwai kuma batun zuciya. Wargazawa aikin yini biyu ne kuma tana da daɗi, haɗawa kuwa aikin watanni ne. Garejin da yawa na ɗauke da baburan da aka kwance da zumuɗi aka kasa mayarwa. Tsarin da na yarda da shi shi ne: ya tashi, ya tsaya idan an taka birki, ya juya daidai, ka ɗan hau shi a wuri mara cunkoso, sannan ka rubuta duk abin da ka lura. Kyau shi ne na ƙarshe. Idan ka zo kwancewa, ka ɗauki sashe ɗaya ka gama shi kafin ka taɓa wani.

Yaya zan kwance ba tare da na manta inda komai yake ba?

Hoto kafin ka taɓa, hoto bayan ka cire. Ka fi mai da hankali kan hanyar da wayoyi da kebur suka bi ta jikin firam, domin littafi ba ya cika nuna ta sosai. Kowane rukunin noti da jakarsa da rubutu a kai. Sukurorin murfin inji tsawonsu ya bambanta: ka zana siffar murfin a kwali, ka huda, ka soka kowanne a gurbinsa. Dogon sukuru a gajeren rami yana iya fasa inji. Kada ka jefar da tsohon abu, komai lalacewarsa, sai sabon ya zo ka gwada su gefe da gefe.

Noti ya ƙi kwancewa, wani ma ya karye. Yaya zan yi?

Ka jiƙa shi da man sassauta tsatsa, ka bar shi ya kwana, ka ɗan bubbuga kansa. Idan ƙarfe ne a cikin alminiyam, ka ɗumama alminiyam ɗin, domin ya fi ƙarfe saurin buɗewa da zafi, amma ka nisantar da fetur tukuna. Ka ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan kafin ka kwance, ka riƙa kai da komowa.

Idan ya karye kuma akwai ɗan guntu a waje, mai walda zai iya liƙa masa wani noti a kai, zafin ma yana taimakawa. Ƙarfen ciro karyayyen noti da ake sayarwa yana da tauri ƙwarai, idan ya karye a ciki ya fi notin wuyar hudawa, don haka a yi hattara da shi. Zaren da ya cinye ana gyara shi da zoben zare irin su Helicoil. Wajen mayarwa kuma, sukuru mai kaurin milimita 6 a cikin alminiyam ƙarfin ɗaurinsa bai wuce kimanin 10 Nm a sifana mai auna ƙarfin ɗauri ba, ƙasa da yadda hannu yake zato.

Injin ya kafe, kik ba ya motsi. Ya mutu ke nan?

Ba lallai ba. Sau da yawa ringi ne ya manne da silinda saboda danshi. Ka cika ramin fulogi da man sassauta tsatsa ko gas, ka bar shi kwanaki, wani lokaci makonni. Sannan ka sa giya ta sama, ka riƙa tura babur gaba da baya a hankali. Kada ka haye kik da nauyinka, haƙoran ciki za su karye. Ko ya saki, ka cire kan silinda ka ga irin ramukan da tsatsa ta bari. Idan kuma ya kafe ne yana cikin tafiya saboda rashin mai, wannan sai an buɗe shi duka.

Yaya zan san ko sai na buɗe inji?

Ma'aunin matsi ne zai fara gaya maka. Ka ɗaura shi a ramin fulogi, ka buɗe totur gaba ɗaya, ka yi ta kik har allura ta daina hawa. Littafinka zai ba ka adadin da ya dace, amma a injin mai bugu huɗu, abin da ya gaza psi 100 yana nuna matsala, kuma bambanci tsakanin silinda da 'yar'uwarta kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Kafin ka yanke hukunci ka daidaita tazarar bawul, inji na sanyi, domin bawul da ya matse yana zubar da matsi. A ƙananan Honda da yawa tazarar ba ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.08 ba.

Idan matsin ya yi ƙasa, ka zuba ƙaramin cokali na mai a silinda ka sake gwadawa. Ya hau sosai, ringi ne ko silinda. Bai motsa ba, bawul ne ko gasket na kai. Silindar da ta cinye ana faɗaɗa ta a sa fistin mafi girma, galibi a matakan milimita 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00. Ka sayi fistin tukuna ka kai wa mai faɗaɗawa, domin da shi zai auna.

Wasu injinan na da ɓoyayyen wurin tara dauɗa. Ƙananan Honda da yawa na da matatar mai mai juyawa a bayan murfin dama, Triumph da BSA masu silinda biyu kuma na da wani rami a cikin karanshaf kansa. Idan wannan ramin ya cika, mai ba ya isa inda ya kamata, kuma ba a share shi sai an raba inji biyu. A irin waɗannan baburan Ingila, idan ba ka san tarihin injin ba, buɗewar ta fi kwanciyar hankali.

Yana tashi amma sai da cok, da na saki ya mutu. Mene ne?

Kusan kullum ƙaramin jet ne na kafireta ya toshe, wanda ke ba inji fetur lokacin da totur ke rufe. Raminsa ƙanƙani ne ƙwarai, tsohon fetur kuma yana bushewa ya bar wani abu kamar ƙaro. Ka kwance kafiretar duka, ka cire robobi, ka jiƙa ƙarafan a maganin wanki, ka hura iska ta kowace hanya har ka ga ta fito ta ɗaya gefen. Kada ka soka allura ko wayar ƙarfe, tagulla ce mai laushi, ramin zai faɗaɗa. Kafin ka cire sukurun daidaita iska, ka ɗaure shi a hankali kana ƙirga zagaye har ya tsaya, ka rubuta adadin.

Idan jet na asali na kamfanonin kafireta irin Keihin, Mikuni ko Amal bai lalace ba, ka wanke ka mayar da shi. Waɗanda ke zuwa cikin fakitin gyara mai araha ba kullum raminsu ke daidai da lambar da aka buga musu ba. Ka kuma duba robar da ta haɗa kafireta da inji: idan ta tsage tana shan iska, ba daidaitawar da za ta zauna.

Tankin cike yake da tsatsa. A gyara ko a canja?

Idan bai huje ba, a gyara. Ka cire famfon fetur, ka toshe ramin, ka zuba 'yan notuna da kananzir ka girgiza don ɓamɓare ta sama. Sannan ka cika shi da binega ya yi kwana biyu ko uku, ko maganin tsatsa mai sinadarin fosforik. Akwai kuma hanyar lantarki: ruwa da sodar wanki a cikin tanki, wayar caja mai alamar ragi (-) a jikin tanki, mai alamar ƙari (+) a jikin guntun ƙarfen da ke rataye a ciki ba tare da ya taɓa tankin ba. Wannan hanyar tana fitar da iska mai kama wuta, a yi ta a sarari. Ko wacce ka bi, ka ɗauraye, ka busar nan take, ka zuba fetur ko ɗan mai, domin wankakken ƙarfe yana sake tsatsa cikin sa'o'i.

Yi wa tanki shafin kariya a ciki ba tare da an cire tsatsar ba kitso ne da kwarkwata, zai ɓare ya toshe kafireta. Waldar tanki kuwa ba aikin gida ba ce: tankin da ya yi shekaru babu fetur yana iya fashewa. Fetur mai gaurayen etanol yana jan danshi kuma yana cin tsofaffin robobi, saboda haka ka sa sabon tiyo da ƙaramar matata a hanya.

Babu wuta a fulogi. Ta ina zan fara?

Daga mai sauƙi: sabon fulogi, cikakken batir, fis, makunni. Batir mai bolt 12 idan ya cika yana nuna kimanin 12.6, idan inji na gudu kuma 13.5 zuwa 14.5. Tsofaffi da yawa bolt 6 ne, ka tabbatar kafin ka haɗa. Yawancin baburan Ingila na shekarun 1950 zuwa 1970 kuma wayar batir mai alamar ƙari (+) ce ke haɗe da firam, akasin abin da aka saba, kuma juya ta yana ƙona kaya.

Idan mai kwantak ne, wato 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa da rufewa don ba fulogi wuta, ka goge fuskokinsa, ka sa tazara kimanin milimita 0.3 zuwa 0.4, ka daidaita shi ya fara buɗewa daidai lokacin da alamar F da ke jikin ƙarfen da ke juyawa tare da karanshaf ta zo kan layi. Alamar T ta daidaita bawul ce, kada ka haɗa su. Tartsatsi mai yawa a bakin kwantak alamar kondensa ta mutu ce. Sauran matsalolin wuta mafi yawansu datti ne a mahaɗar wayoyi da inda waya ke kama firam, wanda ke da alaƙa da amsar fenti a ƙasa. Sauya kwantak da na zamani ba laifi ba ne, amma ka fara gyara tsarin caji.

Wane baƙin mai zan zuba?

A yawancin baburan Japan, inji da giya da kuloci mai ɗaya suke sha. Man mota na zamani na ɗauke da sinadarin rage gogayya wanda ke sa kuloci zamewa, shi ya sa aka fito da ma'aunin JASO MA na man babur a 1998. Ka nemi wannan alamar, kaurin man kuma ka bi littafi.

Injin mai bugu biyu, irin Yamaha RD350 ko Suzuki A100, yana da nasa man da ke ƙonewa tare da fetur. Idan mai famfon mai ne, ka fitar da iskar da ke cikin famfon ka tabbatar yana turawa kafin ka dogara da shi. Ka kuma canja robobin da ke rufe gefen karanshaf. Idan sun bushe suna shan iska, injin zai yi zafi ya kafe, ko da yana tashi lafiya.

Tayoyin ba su cinye ba, birki ma yana kamawa. Dole in canja?

Dole. Roba tana taurara da shekaru ko ba a hau ta ba. A gefen taya, lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT suna nuna mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Idan lambobi uku ne, an yi ta kafin 2000. Ka canja taya da tub da robar da ke rufe kan wayoyin wili, ka kuma ƙwanƙwasa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, wadda ta yi sautin da ya mutu ta saki.

Takalmin birki da aka manna wa fata da gam, fatar tana iya ɓallewa bayan shekaru ta cije wili ana cikin gudu. Sabo za ka sa, da sabon kebur. Idan birkin ruwa ne, a canja tiyo da robobin ciki da ruwan. Ruwan birki mai lambar DOT 3, 4 da 5.1 dangi ne, DOT 5 kuwa na silikon ne, ba a gauraya shi da su. Ruwan birki yana cin fenti. Ka duba boris na wili da na wuya, da ƙarafan shakazoba na gaba, waɗanda idan tsatsa ta yi musu ramuka za su yaga sabuwar roba. Sarƙa da faya-fayan haƙoranta biyu tare ake canja su. A nan ne ba na yarda a yi tsimi ko kaɗan.

Fenti da kurom fa?

Ka wanke ka goge tukuna ka ga abin da ke ƙarƙashin dattin. Fentin asali sau ɗaya ake samunsa, kuma sau da yawa garin neman gira ake rasa ido. Idan za ka fente, aikin yana wajen shiri: cire tsatsa har ƙarfe, share maiƙo, fentin ƙasa, samfefa. Fentin gwangwani na gama-gari fetur yana narkar da shi a kan tanki. Fenti mai haɗi biyu yana jure fetur, amma tururinsa guba ne ga huhu, ba a fesa shi da ƙyallen rufe hanci kawai.

Idan za a yi wa firam fentin gari da ake gasawa, a toshe zare da gurbin boris, a kare lambar firam kada ta nutse, sannan a kankare inda wayoyi ke kama ƙarfe. Kada a bari yashin fesawa ya shiga inji ko tankin mai, ƙwaya kaɗan ta isa ta cinye boris. Kurom mai ɗigon tsatsa yana gyaruwa da takardar alminiyam da ruwa. Wanda ya ɓare sai masana'antar da ke shafa shi.

Kayan asali ko na kwaikwayo?

Abin da rai ya rataya a kai, da abin da ke can cikin inji, a nemi na asali ko na kamfanin da aka sani. Madubi, fitilar sigina, robar taka ƙafa, na kwaikwayo ya wadatar. Roba kuwa sabuwar ƙira ta fi tsohuwar ajiya ko da tana cikin fakitinta na asali. Ka nemi littafin lambobin kaya na samfurinka, ka yi oda da lamba da shekarar ƙira, domin abu ɗaya yakan dace da samfura da dama, wani kuma yakan canja a tsakiyar shekara.

Zai ɗauki tsawon wane lokaci, kuma zan ci riba idan na sayar?

Tayar da ƙaramin babur ya hau hanya lafiya na iya ɗaukar 'yan watanni ga mai aikin ƙarshen mako. Cikakken gyara yakan haura shekara, yawancin lokacin ma jiran kaya ne. Riba kuwa da wuya, in ban da samfuran da ake rububinsu. Abin da za ka kashe yakan wuce abin da za a taya. Ka ajiye rasit da hotuna duk da haka, su ne shaidar aikin da ido ba ya gani.

Na gama haɗawa. Yaya zan yi hawan farko?

Ka bi kowane noti na wili, birki, wuya da inji da sifana, kana yi wa wanda ka gama alama. Ka juya kan babur dama da hagu inji na gudu: idan ƙararsa ta tashi, kebur ɗin totur ya matse a wani wuri. Ka gwada birki kana tura shi da ƙafa. Idan na Ingila ne da aka ƙera kafin 1975, mai yiwuwa giya tana dama birkin baya yana hagu, ka saba da wannan a tsaye kafin ka shiga hanya. Birkin ganga na wancan zamani ba ya tsayawa kamar na yau, ka ba da tazara mai yawa. Rajista, inshora da hular kwano su riga hawan.

Tafiyar farko ta zama gajera, kusa da gida. Ka dawo ka duba yoyon mai da fetur, ka taɓa cibiyar wili ka ji ko birki na gogawa, ka cire fulogi: ruwan ƙasa-ƙasa daidai ne, fari fat fetur ya yi kaɗan, baƙi mai toka ya yi yawa. Idan ka sa sabon fistin da ringi, ka yi kilomita 800 na farko kana sauya gudu, ba ka matsa masa ba kuma ba ka bar shi yana nishi a giya ta sama ba. Ka juye mai da wuri, bayan kilomita 100 ko 200, ka sake ɗaure notunan kan silinda inji na sanyi, ka sake auna tazarar bawul, sannan ka duba sarƙa, domin sabuwa tana saki a kwanakin farko.